Yayana shekara tara shina aiki a Juba, amma wanda ke dawo muna gida ba shi ne yat tahi ba

Maman Sultana, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Don Allah shawara nike nema kuma ban son a maishe ta abin dariya. Yayana wanda nike bi ma, uwa ɗaya uba ɗaya, shina aiki da wata babbar ƙungiya ta ƙasa da ƙasa a Sudan ta Kudu, ba zan kama sunanta ba. Farkon 2016 yat tahi, bai yi wata bakwai ba anka yi wannan faɗan na Juba, babban birnin ƙasar, cikin watan Yuli, kwana da kwanaki suna kwance ƙasa cikin ɗaki harsashi na ratsa bango, mu nan ba mu ma sani ba sai bayan shekara biyu yab ba da labari a taƙaice. Ta wajen kuɗi alhamdulillahi, ya gina ma Inna gida, ya kai mutum ukku Makka, rabin yaran dangi shi ke biya musu makaranta. To amma da babbar sallah da yaz zo, kwana goma yay yi, ban da masallacin idi bai leƙa ko ƙohwar gida ba. Ɗaki zai kulle ya kunna esi ya kwana da rana, da dare kuma ya tashi shina zagaya gida shina taɓa kwaɗo ko an kulle. Akwai wata jaka baƙa da ke aje bakin ƙohwa kullum, fasfo da tocila da gorar ruwa a ciki, ba mai taɓa ta. Yara sunka buga abin hwashewan nan nasu na sallah, wallahi gaban surukansa mutumen nan yak kwanta ƙasa rub da ciki. Abin da yaf fi ƙona ma matarsa rai, kwana huɗu da zuwa ya fara kiran wani abokin aikinsa can shina tambaya ko an ba mage abinci. Mage fa jama'a! Ɗiyansa huɗu bai tambayi ko wa yac ci jarabawa ba. Inna ta ce a taru a tilasta mai ya aje aikin ya dawo. Mi kunka gani?

Ɗan Jega Mai Waya:
Wa alaikumussalam. Allah ya ba shi lafiya. Anti don Allah ko suna ɗaukar direba ko mai gadi? Ina da difloma kuma ni ko bam aka tayar ba na kwanciya

Admin:
Ɗan Jega ka ji tsoron Allah. Baiwar Allah ta zo da damuwarta kai kana ta hangen dala. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne. Gargaɗi na farko.

Malam Na Gwandu:
Hajiya Allah ya kawo sauƙi. Ni abin da zan fara tambaya, yaya sallarsa da azkar ɗinsa? Mutum ya yi shekara tara cikin mutanen da ba addini ɗaya ba, ba kiran sallah a kunne, ba jam'i, dole zuciya ta yi tsatsa. Kuma kar a cire hannun mutane a ciki, wanda ya kai mutum uku Makka a wannan zamani ido na kansa. A yi masa ruƙiyya, a dage da sadaka. Ban ce kar a ga likita ba kafin wasu su taso min.

Baba Saje, Zuru:
'Yata, jakar nan da kika ce ni ma ina da irinta har yau, matata ta gaji da faɗa ta bari. Na yi aikin soja a Darfur lokacin da rundunar kiyaye zaman lafiya take hannun Tarayyar Afirka, ina can a 2007 da aka afka wa sansanin Haskanita cikin azumi aka kashe sojoji aƙalla goma, mafi yawansu yaranmu ne 'yan Najeriya. Ni ba a sansanin nake ba amma na ga abin da aka kwaso. Da na dawo Zuru shekara guda ba na iya zama inda bayana ke kallon ƙofa. Ba aljani ba ne Malam, jiki ne ya koyi abu ya ƙi mantawa. Kwanciyar da ya yi a ƙasa ai koya musu ake, ita ta tsare masa rai a can, ku kuma nan kuka ga abin kunya.

Abu Hanan, Gusau:
Maman Sultana na karanta saƙonki sau uku kafin na iya rubutu, domin kamar labarina kike bayarwa. Na yi shekara shida a irin wannan aikin, huɗu a Sudan ta Kudu tsakanin Bentiu da Malakal, biyu a Gao ta Mali har aka rufe aikin can ƙarshen 2023 muka tattaro. Bari in ba ku hoton wurin don yawancinku kuna zaton ofis ne mai bene kamar na Abuja.

Kwantena ce. Irin ta ɗaukar kaya amma fara, an yi mata taga ɗaya da esi, tsawonta bai wuce taku bakwai ko takwas ba, gado, ɗan tebur, kabad, shi kenan. An jera su layi-layi ɗaruruwa, an kewaye da wayar ƙaya da buhunan ƙasa da hasumiyar masu gadi. Ofishinka ma kwantena ce, tafiyar minti uku daga inda kake kwana. Da magariba akwai dokar hana fita, rediyon oba-oba na gefen filonka, da dare a kira lambarka ka amsa don a san kana raye. Ba a yarda ka kawo iyali ba sam. A Bentiu da damina ta sauka hanya ta mutu, laka baƙa mai kama ƙafa kamar danƙo, sai jirgi kawai, ga ruwan ambaliya an tare shi da ganuwar ƙasa yana sama da inda kake tsaye, ga sansanin 'yan gudun hijira sama da mutum dubu ɗari a maƙwabtaka. Janareta na ruri dare da rana har ranar da ya tsaya sai ka kasa barci saboda shiru. Duk sati shida a ba ka hutun kwana biyar ka je ka sha iska, to lissafa min: Bentiu zuwa Juba in jirgin ya tashi, Juba zuwa Addis Ababa, Addis zuwa Abuja, sannan mota ta Kontagora da Yauri da Koko kafin Birnin Kebbi. Ina kwana biyar ɗin? Shi ya sa da yawa Entebbe ta Yuganda ko Nairobi ta Kenya suke tsayawa su kama ɗakin otal su kwanta su kalli silin su koma.

Amma abin da nake so ku gane shi ne mutanen ciki. Wallahi duk duniya ban taɓa ganin inda aka tara waɗanda gida ya ƙi karɓa ba kamar wurin nan. Akwai wata Baturiya a sashenmu, ta haura hamsin, tun Kosovo a 1999 take yawo daga wannan yaƙi zuwa wancan, ba miji ba ɗa ba gida, kayanta na duniya suna cikin wani sito da take biyan haya a ƙasarsu shekara ashirin ba ta buɗe ba. Kan mangwaro ɗaya da ya ɓace a firij ta rubuta wasiƙa shafi biyu ta tura wa kowa har shugaba. Ita ce kuma ranar da zazzaɓi ya kayar da ni ta kwana zaune a ƙofar kwantenata. Akwai wani ɗan Asiya mai kula da mai, ba ya magana da kowa sai tumatirin da ya shuka a cikin tsohuwar taya, da kunnena na ji yana ba shi haƙuri. Akwai wani ɗan'uwanmu na Afirka ta Yamma mata uku a ƙasashe uku, kowace hutu ɗaya, albashi na shiga yana fita, bashi har wuya. Wani likita ne a ƙasarsu aka kore shi, wani tsohon ɗan sanda ne da ba ya iya barci sai ya sha, daren Juma'a su taru a wata rumfa da suka mayar mashaya su yi ta kiɗa har asuba, mu kuma 'yan sallah mu biyar, ni da 'yan Bangaladash biyu da Basudane da wani Bayarabe, muna wata kwantenar muna dafa shinkafa muna gulmar su, su ma suna gulmarmu. Kowa da tabonsa, kuma ba mai tambayar wani me ya koro ka. To wannan rashin tambayar ita ke riƙe mutum. A can in ka kwanta ƙasa don ƙofa ta bugu ba wanda zai ɗaga kai. A gida sai an kira taron dangi.

Magen kuma kar ku raina ta. Ita kaɗai ce mai rai da ke jiransa ya dawo daga ofis ba don a tura mata kuɗi ba.

'Yar Tsafe:
Ku yi haƙuri amma ni raina ne ya ɓaci da karanta wannan. Mutum na kwance cikin esi, ga wuta awa ashirin da huɗu, ga sojoji na gadinsa, ana ba shi kuɗin kasada a dala ban da albashi, duk sati shida a ce je ka huta, wai shi ne mai damuwa? Mu fa? Kakata a ƙauye ta fi shekara biyar ba ta kwana a ɗakinta ba in an ce suna kusa, a gona suke kwana cikin dawa da jikoki. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa in ka bi ta sai ka yi wasiyya. Wa ya taɓa ba mu kuɗin kasada? Wa ya ba mu hutun kwana biyar? Mu da muke jin bindiga kyauta ba mu kwanta ƙasa gaban surukai ba.

Abu Hanan, Gusau:
Ƙanwata gaskiyarki, kuma ki ƙara da wannan: 'yan ƙasar da muke aiki tare, direbobi da masu fassara da ma'aikatan jinya, su suka fi mu shiga haɗari, albashinsu bai kama ƙafar namu ba, in abu ya ɓaci mu za a kwashe a jirgi su a bar su da iyalansu a garin. Wannan ma yana cikin abin da ke cin mutum in yana da zuciya. Akwai direban da muka yi shekara biyu tare, na je hutu na dawo aka ce an kashe shi a hanyar ƙauyensu, washegari aka ba ni wani direba aka ce mu tafi, motar ce dai, har hularsa na cikin aljihun ƙofa. Amma batun cewa ku ba ku kwanta ƙasa ba, ni ɗan Gusau ne, je ki tambayi masu kemis maganin barci da na hawan jini nawa suke sayarwa. Kuna kwanciya, ba mai rubutawa ne kawai.

'Yar Tsafe:
Hmm. To na ji. Amma dai shi yana da zaɓi, mu ba mu da shi.

Kawu Na Argungu:
Zaɓi? Bari in hwaɗa muku gaskiya ko za ku zage ni. Maman Sultana ɗiyata, ke da bakinki kinka ce rabin yaran dangi shi ka biya musu makaranta. To wane zaɓi gare shi? Ku kunka ɗaure shi can. Duk wanda matatai ta haihu sai a kira Juba, wanda babur nai ya lalace Juba, mai son jarin albasa Juba. Yaron ga in wayatai ta yi ƙara daga gida ya san ba gaisuwa ta ba. Ya zo sallah kuna cewa ya kulle ɗaki, in ya buɗe mi za shi gani in ba layin masu takardar asibiti ba? Yanzu kuma ku taru ku ce ya aje aiki, wata ukku in alat ya daina shiga ku ne za ku hwara cewa an yi mai sammu. Ni na ga irin haka da idona ga wani ɗan ƙanena.

Maman Sultana, Birnin Kebbi:
Kawu wannan maganar ta yi zafi. Mu ba mu roƙe shi ba, shi ke bayarwa da kansa.

Kawu Na Argungu:
Duba wayarki ki gaya min saƙo goma na ƙarshe da kinka tura mai, guda nawa na ba lambar akawun ko hoton rasit ciki.

Maman Sultana, Birnin Kebbi:
Na duba. Ba zan faɗi adadin ba.

Anti Nas:
Ina aikin jinya shekara goma sha huɗu, bari in sa baki. Abubuwan da kika lissafa, firgita da ƙara, rashin barcin dare, zagaya gida ana duba kwaɗo, janye jiki daga mutane har 'ya'yan cikinsa, alamomi ne da aka sani ga wanda ya ga tashin hankali mai tsanani. Ba hauka ba ne, kuma ana samun sauƙi sosai da magani da zama da likitan ƙwaƙwalwa ana tattaunawa. Ba zan yanke masa ciwo ta waya ba, sai an gan shi. Matsalarmu da an ce Kware ta jihar Sakkwato sai kowa ya ɗauka an gama da mutum, alhali asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke can mutane da yawa da ƙafarsu suke zuwa su ga likita su koma gida ranar. Kuma don Allah kar ku yi masa taron dangi. Mutumin da ke tsoron a rutsa shi, ku tara mutum goma sha biyar ku rutsa shi a falo? Mutum ɗaya da ya yarda da shi ya isa. Malam ya yi ruƙiyyarsa ba ta hana komai, amma ban da duka ban da hayaƙi.

Abu Hanan, Gusau:
Anti Nas akwai mai ba da shawara kan damuwa a wurin aikin ma, amma ofishinta kwantena ce a tsakiyar layi, duk wanda ya shiga an gan shi. Ga kwantiragi na shekara-shekara, kowa na tsoron a ce ba shi da juriya a ƙi sabunta masa. Ni sau biyu ina zuwa bakin ƙofar in yi kamar waya nake amsawa in wuce.

Injiniya Zagga:
Kar dai a sa yaranmu su tsorata da aikin waje. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande ɗan garinmu ne, ya riƙe jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyok, har ya shugabanci babban taronta daga 2019 zuwa 2020, lafiya lau da mutuncinsa. Ga Amina Mohammed tun 2017 take mataimakiyar babban sakataren Majalisar. Ba kowa ne ke lalacewa ba.

Hajiya Ta Janeba:
Injiniya ai jakada daban, ɗan kwantena daban. Ni kuma in ba ku na ɓangaren da ba bindiga. Shekara bakwai ina Janeba ta Suwizalan da wata hukuma, 'yar Yauri ce ni. Nan ba wanda zai harbe ka, shiru ne zai cinye ka. Haya ta fi ƙarfina a cikin gari don haka a tsallaken iyaka nake kwana cikin Faransa, kullum in shigo bas. Lokacin sanyi kafin biyar na yamma duhu ya yi, ka fita da duhu ka dawo da duhu, ranar Lahadi kantuna a rufe, maƙwabcinka in ka yi daka a turmi zai zura maka takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Na yi hakan sau ɗaya da sakwara, ban ƙara ba. Katin zamanka a ƙasar a ɗaure yake da aikinka, kwantiragi ya ƙare zama ya ƙare, akwai waɗanda suka shekara goma ana sabunta musu na 'yan watanni, kullum akwati a rabin ɗaure. A benenmu akwai wani dattijo da ya yi ritaya amma kullum sai ya sa kwat ya zo kantin cin abinci ya zauna wurin da ya saba, ƙasar da aka haife shi ma ta wargaje ta zama ƙasashe, bai san inda zai koma ba. Akwai mai fassara da ke jin harshe shida amma ba ta iya gaisawa da mutum a lifta. Tun da Amurka ta datse kuɗin agaji farkon 2025 kuwa sai ka ga ofis jiya da mutum yau an cire sunan a ƙofa. Ni ma in na zo gida sati biyu nake fara jin kamar baƙuwa, ana hira ana ambaton waɗanda suka rasu ban sani ba, 'yan'uwa na ce min Baturiya don na ce a zo ƙarfe huɗu na kuma fito ƙarfe huɗu. Can kuma in koma ni ce baƙar mai ɗankwali da ke sallah a ɗakin ajiye takardu.

Malam Na Gwandu:
Allah sarki Hajiya. To ni na janye rabin maganata, rabin na nan.

Ɗan Jega Mai Waya:
Hajiya ta Janeba ni fa ina son shiru kuma ba na daka

Admin:
Na biyu kenan Ɗan Jega.

Maman Sultana, Birnin Kebbi:
Jama'a na gode. Jiya bayan isha'i nik kira shi, ban yi zancen kuɗi ba ban yi zancen dawowa ba, cewa kawai niy yi Yaya ya magenka. Shiru yay yi har na zaci sabis ne yat tahi, sannan yac ce wa yag gaya miki. Wallahi minti arba'in muna waya, rabon da mu yi haka tun Baba na da rai. Ashe ma muzuru ne, sunansa Ɗan Kamba wai don ba shingen wayar da ba ya ratsawa, kuma na wani abokinsa ne da anka kwashe shi asibiti Nairobi bai dawo ba, yab bar mai amana. Ban tambayi abin da yas sami abokin ba don na ji muryarsa ta canza. Can ƙarshe yac ce kwantiraginsa Disamba zai ƙare kuma ba tabbas za a sabunta, an riga an sallami mutum huɗu a sashensu, kuma yat tambaye ni ko har yanzu gonar Baba ta fadama na hannun wanda anka ba aro. Ban gaya ma Inna ba tukuna, matarsa ma ban gaya mata ba. Taron da anka sa ranar Asabar na ce a ɗaga, yanzu ƙannen Baba biyu ba su amsa gaisuwata.

Baba Saje, Zuru:
Su yi ta fushi. In ya dawo kar a taɓa masa jakar nan, da kansa zai kwance ta.

Abu Hanan, Gusau:
Ki turo min lambarsa ta bayan fage, amma kar ki ce daga guruf ne, ki ce wani da ya yi Malakal ne ke neman sa. Kuma ki fara tambayar yadda ake shigo da dabba ta filin jirgi, akwai allura da takardun likitan dabbobi da ake nema kuma suna ɗaukar lokaci, don in na san irinmu ba zai hau jirgi ya bar Ɗan Kamba a can ba.